Chipotle ko motar taco: amsa ga ƙanwarmu da ta sauka Houston

Ƙanwata, barka da sauka, Allah ya sa kin shigo Houston a sa'a. Kin ce da rana ta yi abokan karatunki sai su ja ki cin abincin Meziko, wannan ya ce Chipotle, waccan ta ce a'a, a je motar taco (nama a ninke cikin 'yar siririyar gurasa) da ke fake a gefen gidan mai. Kina so ki san wanne ya fi, da kuma abin da Musulma za ta iya ci hankali kwance. Matsalar ita ce amsoshin biyu ba hanya ɗaya suka bi ba. Wurin da ya fi daɗin abinci shi ne wurin da sai kin fi buɗe ido.

Chipotle kamfanin Amurka ne. Steve Ells ya buɗe shagon farko a Denver a 1993, kuma ƙaton burrito ɗin, wato naɗin gurasa mai shinkafa da wake da nama a ciki, da suke naɗewa a takardar gwangwani salon unguwar Mission ne ta San Francisco. Tsarinsu a fili yake: ki tsaya a layi, komai yana bayan gilashi, ki nuna da yatsa. Shinkafa fara mai lemon tsami da ganyen koriyanda, wake baƙi ko mai ɗigo-ɗigo, nama, yankakken tumatir, masara, cuku, sai a tambaye ki ko za a ƙara markaɗaɗɗiyar fiya, wadda kuɗinta daban ne. Kwanon da kika ci yau a Houston shi za ki ci gobe a Chicago, ba ragi ba ƙari. Taco Bell, wanda Glen Bell ya kafa a 1962, ban ma sa shi a lissafi ba. Abin toshe yunwar dare ne.

Taquería kuwa, wato wurin sayar da taco, ko ƙaramin shago ko mota, yawanci ta iyali ce, kuma da Sifaniyanci za ki ji ana magana. Mai taco yana tsaye gaban faffaɗan kaskon ƙarfe. Zai jefa tortilla, wato siririyar gurasa, biyu ƙanana na masara, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, su ɗan taɓa mai su yi laushi, ya ɗora ɗaya kan ɗaya don kada romo ya huda, ya daddatse nama da wuƙa a kan katako, ya kwasa da tortillar kanta, ya watsa ɗanyar albasa da koriyanda. Shi ke nan. Yankin lemon tsami a gefe, miyar yaji ja da koriya a robobi, ke za ki zuba gwargwadon ƙarfinki. Babu shinkafa a ciki, babu latas, babu tulin cuku. Da hannu ake ci, a karkata kai gefe, loma uku ya ƙare.

A ɗanɗano ba na ma ganin akwai gasa. Taquería ta yi gaba, kuma dalilin yana cikin tortillar. Mutanen Meziko ba sa niƙa masara haka kawai. Sai sun dafa ta da ruwan farar ƙasa, ta kwana a ciki, a wanke, ƙaiƙayin bayanta ya saɓule, sannan a markaɗa. Dabarar ta girmi zuwan Turawan Sifaniya da dubban shekaru. Ita ke sa ƙullin ya kama jikinsa, ita ke ba shi wannan ƙamshin da za ki jiyo tun daga bakin titi, kuma tana sakin sinadarin niacin da jiki ba ya iya tsotsa daga masarar da ba a yi wa haka ba. Da UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meziko cikin al'adun duniya da ake karewa a 2010, wannan aikin masarar yana cikin abin da aka ambata. Sannan ga zaɓin nama. A layin Chipotle tsoka ce kawai. A taquería akwai lengua, harshen sa da aka dafa har ya yi luguf. Akwai cabeza da barbacoa irin ta Texas, naman kai da kumatun sa. Akwai tripa, hanjin da aka soya ya yi ƙarau. Mu da muka tashi da kayan ciki, nan ne za mu fi jin muna gida.

Ta fannin kuɗi, taco ɗaya a mota wajen dala biyu zuwa uku ne, uku ko huɗu sun ishi mace. Kwanon Chipotle wajen dala goma ne ko fiye, amma a yi musu adalci, yana da auki, har ki rage na dare. Kusan kunnen doki ne.

Yaji kuma kada a tsorata ki. Jalapeño da Amurkawa ke fifita baki a kansa yana tsakanin 2,500 da 8,000 a ma'aunin zafin barkono na Scoville, habanero kuwa, ɗan uwan attaruhunmu, daga 100,000 yake farawa. Miyar yajin Chipotle mai zafin ma ba za ta sa ki neman ruwa ba. A taquería ki ɗanɗana kafin ki zuba, don launi ba ya nuna zafi. Wata koriyar mai kama da fiya barkonon serrano ne zalla aka markaɗa da mai, kuma tana kamu.

Yanzu ga inda magana take. Alade ya ratsa girkin Meziko sosai, kuma ba a cikin nama kaɗai yake ba. Sunayen da za ki haddace ki kauce musu: carnitas, chorizo, chicharrón, buche, da al pastor. Wannan na ƙarshen shi ya fi yaudarar 'yan uwa, domin a tsaye yake juyawa gaban wuta sak shawarma, da abarba a kansa. Kama ɗin ba banza ba ne, 'yan Labanan da suka yi ƙaura zuwa Puebla ne suka kawo dabarar, daga baya aka maye naman rago da na alade. Waɗannan duk masu sauƙi ne, tunda a rubuce suke. Mai wuyar shi ne man alade, manteca. Da shi ake soya dakakken wake a gargajiyance, da shi ake kwaɓa tamales, wani abu kamar alalar masara, sau da yawa yana cikin tortillar fulawa. Waken da ake kira charros da yankakken naman alade ake dafa shi, borrachos kuma har da giya. Miyar pozole ma yawanci ta alade ce.

Ko kin zaɓi naman sa, tsaya ki kalli kaskon kafin ki ba da kuɗi. A yawancin motoci kasko ɗaya ne. Chorizo yana soyuwa a kusurwa, jan mansa yana gangarowa, cokali mai faɗi guda ɗaya ke juya komai, kuma a cikin wannan man ake dumama tortillar kowa. Ba mugunta ba ce, haka sana'ar take, a wurinsu ma ƙarin daɗi ne.

A nan Chipotle ya fi sauƙin sha'ani. Kamfanin yana wallafa abin da ke cikin kowane abu, wakensu duka biyu babu alade, tortillarsu da man tsiro ake yi, carnitas kuma yana cikin mazubinsa daban kina kallonsa. Suna da sofritas, awara ce aka marmashe aka dafa da yaji, ba laifi. Za ki iya cewa ma'aikacin ya sauya safar hannu, ba za su ji komai ba. Sai dai namansu ba yankan Musulunci ba ne. Hukuncin yankan Ahlul Kitabi a ƙasar nan malamai sun yi saɓani a kai, wannan ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ni ba fagena ba ne. Na dai san a kan alade babu saɓani.

Ni ga yadda nake yi. Idan cikin ayari ne, ana sauri, Chipotle: shinkafa, wake, soyayyen tattasai da albasa, fiya. Idan taquería ce, sai na yi tambaya biyu da Sifaniyancina na kame-kame, “¿Tiene manteca?” da “¿Tiene puerco?”, wato akwai man alade, akwai naman alade. Suna amsawa da gaskiya, wani ma ya goge miki gefen kasko ko ya shimfiɗa takardar gwangwani idan ba cunkoso. Wuraren da kifi da jatan lande ne sana'arsu sun fi kwanciyar hankali. Kuma Houston gari ne mai Musulmi da yawa, akwai masu sayar da taco na halal, ki tambaya a masallaci ranar Juma'a za a yi miki kwatance.

Abin sha kam taquería ce, kada ki wuce waɗannan manyan kwalaben gilashin da ke kan kanta. Jar nan da suke kira jamaica zoɓo ne, namu sak, kuma Meziko tana cikin manyan masu sayen zoɓon da ake fitarwa daga Najeriya, irin wanda ake nomawa a Jigawa da Kano. Nasu dai babu citta babu kanumfari, ruwa da sukari ne kawai. Mai ruwan ƙasa-ƙasa tsamiya ce. Farar kuma horchata, jiƙaƙƙiyar shinkafa da kirfa. A Sifaniya da aya ake yin ta.

Akwai kashi na uku da za a kai ki ko ba daɗe, gidajen Tex-Mex masu teburi da kwandon soyayyar tortilla kyauta. Girkin 'yan asalin Meziko ne na Texas, wadda ƙasar Meziko ce har 1836: narkakken cuku, kumin da yawa, da fajitas, yankakken gasasshen nama mai zuwa yana ƙara a kan kasko, wadda Ninfa Laurenzo ta yi wa suna a nan Houston daga 1973. Tambayar wake da tortillar fulawa tana nan daram a can ma, ki ƙara da ta giya a cikin jiƙon naman.

Amma in nama kike so ki ci ki more ba tare da wasuwasi ba, ɗakin girkinki ne amsa, kuma birria, wani dafaffen nama mai romo, za ki fara da ita. Asalinta jihar Jalisco ce, da naman akuya ake yi, wadda ta iya farfesu ta riga ta yi rabin aikin. Ki sayi akuya a shagunan halal na wajen Hillcroft, busasshen barkonon guajillo da ancho kuma a Fiesta ko kowane kantin 'yan Meziko. Waɗannan biyun ba zafi sosai gare su ba, launi ne da ƙamshi, ancho har da ɗan zaƙi. Ki cire 'ya'yan, ki ɗan gasa su a busasshen kasko, daƙiƙoƙi kawai, da sun yi baƙi miyar ta yi ɗaci. Ki jiƙa a ruwan zafi kamar minti 20, ki markaɗa da tumatir, tafarnuwa, albasa, kumin, kanumfari, kirfa kaɗan da cokali biyu na binega. Ki juye kan naman, ruwa ya rufe shi, wuta ƙasa-ƙasa wajen awa uku, har ya riƙa rabuwa da ƙashi da kansa. Jan man da ya taso sama kada ki kwashe ki zubar. A ciki za ki tsoma tortilla, ki ɗora a kasko, ki zuba zazzagaggen nama, ki ninke, ta soyu gefe biyu. Romon a kofi, da albasa da lemon tsami, ana ci ana tsomawa.

Idan tortillar ma da kanki za ki yi, garin tuwo ba zai yi ba, wargajewa zai yi a hannunki saboda bai sha farar ƙasa ba. Ki nemi garin Maseca, wanda ya riga ya sha farar ƙasa, ki kwaɓa da ruwan ɗumi da gishiri har ya daina kama yatsa, ki mulmula ƙanana, ki danne tsakanin leda biyu da gindin tukunya. Kasko ya yi zafi sosai, ba mai, ki juya sau biyu. Wadda kika sauke ki rufe ta da tsumma mai tsabta nan take, tururin ne ke ƙarasa laushinta.