Ɗan Maraya ko Shata: da wa za ka fara wa abokin naka?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana da aboki makanike a wajen tasha, wanda da an sa waƙar gargajiya sai ya yamutsa fuska ya ce duk roƙo ne, a zuga mai kuɗi har ya zazzage aljihunsa. Kana son ka jawo shi, amma ka rasa ko da Alhaji Mamman Shata za ka fara ko da Ɗan Maraya Jos. In za ka bi ta tawa, Ɗan Maraya za ka sa masa. Ina faɗin haka ne alhali a zuciyata Shata ne a gaba, tun ina yaro da muryarsa na tashi a rediyon babanmu.

Na san abin da ke jan ka wajen Shata. A Musawa aka haife shi a 1923, ƙasar Katsina, kuma mu nan Maradi Katsinawa ne, Hausarsa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Ga kalangu da ke motsa jiki ko mutum bai shirya ba, ga ƴan amshi, ga murya mai cika fili. Sai dai ka tuna ƙarar da abokinka ya shigar: roƙo. Waƙoƙin Shata da yawa na sarakuna ne da attajirai da mutanen da suka yi masa alheri. In ka danna ɗaya daga cikinsu, kafin minti biyu abokinka zai ji an kama sunan wani Alhaji ana jero kyautarsa, ya juyo ya ce maka ka ji ko? Ka ba shi hujja da hannunka ke nan.

Gwanintar Shata tana can ƙasan yabon. Mutum ne da ke ƙera waƙa nan take a gaban jama'a, ya ɗauko habaici ya saka a tsakiyar kirari, ya bar ƴan amshi su riƙe masa layi guda shi kuwa ya tafi yawo da magana ya dawo daidai kan kiɗa. Wannan sai kunnen da ya saba, kuma sai mai haƙuri, don waƙar takan yi tsawo, wani lokacin ma sai ka san wanda ake yi wa da abin da ya haɗa su kafin ka ji gishirinta. Wanda ya zo da shakka ba ya da wannan haƙurin.

Na gani da idona. Ƙanen matata ra'ayinsu ɗaya da abokinka, shi ban da waƙoƙin fiyano na zamani ba ya sauraron komai. Wata rana muna cikin mota za mu Ɗan Isa, na sa masa Bakandamiya, don a ganina ita ce ƙololuwa. Ba mu kai Jiratawa ba ya ce, "Yaya, don Allah a sauya. Mutum tun ɗazu sai yabon kansa yake." Abin ya sosa mini rai ƙwarai, amma da na natsu na ga bai yi ƙarya ba. Bakandamiya kirarin Shata ne ga kansa, kuma wanda bai san Shata ba ba abin da zai ji a ciki sai fahariya.

Ɗan Maraya kuwa shi kaɗai yake zuwa, ba ƴan amshi, ba makaɗa a bayansa. Daga shi sai kuntiginsa, ɗan abin kiɗan nan da ake yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fatar akuya a ɗaura masa tsirkiya guda. Shi ya tsara waƙar, shi ke kiɗa, shi ke rerawa, saboda haka ba inda magana za ta ɓuya, kowace kalma tana fita tas. Sunansa Adamu, an haife shi a 1946 a Bukuru kusa da Jos, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Bukuru ya riƙe shi. Daga nan sunan ya samo asali. Kuma ina ganin maraicin nan ne ya sa idonsa ke sauka kan mutanen da ba a kallo.

Ka duba waƙarsa ta karen mota. A tasha waye ƙasa da karen mota? Shi ne mai ɗora kaya, mai sa wa taya waigi, mai kwana ƙarƙashin mota yana gadi direba na ɗaki. Wannan yaron Ɗan Maraya ya zauna ya yi wa waƙa. To a nan zancen abokinka zai tsaya cak, don ko dala karen mota ba ya da ita da zai liƙa wa mawaƙi. Haka in ka koma waƙoƙinsa na zaman aure, irin su Jawabin Aure da Auren Dole da Gulma Wuya, ba wanda ake roƙo a ciki. Zaman gida ne yake shimfiɗa maka, rigimar miji da mata, yarinyar da aka ba wanda ba ta so, magulmacin da ke shiga tsakani har ya raba. Kowa yana da irinsu a unguwarsu.

Bayan tafiyar Ɗan Isa da makonni, muna fada da dare bayan isha'i, ana jiran shayi na biyu, na sa waƙar karen motan a salulata, can ƙasa-ƙasa, ban ce da kowa komai ba. Ƙanen matar tawa ya taɓa bin babbar mota shekara biyu kafin ya samu babur ɗin kabu-kabu. Yana cikin gardamar ƙwallo sai na ga ya yi shiru, kofin shayi a hannu bai kai baki ba. Da ta ƙare ya ce, "Wane ne wannan? Ya san aikin." Ya sa na maimaita, sannan ya ce in tura masa. Abokinka da ke wuni cikin baƙin mai tare da yaran mota, ina kyautata zaton haka za ta kama shi.

Amma kada ka yi masa ƙarya. Ɗan Maraya ma ya yi wa manya waƙa, mahaifinsa kansa makaɗin sarki ne, kuma roƙo sana'a ce mai asali a ƙasar Hausa, ba abin ɓoyewa ba. In ka ce masa wannan bai taɓa yabon kowa ba, ranar da ya ci karo da ɗaya zai daina yarda da kai. Sannan kuntigi yana da nasa rauni: sautinsa siriri ne, wanda ya saba da kiɗa mai dukan ƙirji zai iya jin kamar babu komai, in kuma ka jero uku a zama ɗaya sai ya ce duk iri ɗaya ne. A nan Shata ya fi shi nesa. Da a ce ƙorafin abokinka shi ne waƙar gargajiya ba ta da armashi, da na ce ka fara da kalangu, ko ma da namu na gida, marigayi Sa'adu Bori, wanda hatsarin mota ya ɗauke mana a 2008.

Saboda haka guda ɗaya tak za ka sa. Ka nemi wadda aka ɗauka da kyau, ba mai shuuu ba. Kada ka yi masa shimfiɗa, kada ka tsare shi da ido kana jiran ya yaba, kada kuma ka fara da cewa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Gaskiya ne, amma mai shakka in aka taro shi da lambar yabo ƙara ƙanƙamewa yake.

In ya dawo da kansa ya nemi ƙari, lokacin Shata ya yi. Ko a nan ma ka kauce wa na attajirai tukuna, ka sa masa ta kumbon Afolo 11 da Amurka ta tura duniyar wata a 1969, ya ji yadda mai kalangu ya ɗauki labarin duniya ya mai da shi zancen gida. Bakandamiya ka ajiye ta sai can gaba. Duka biyun a watan Yuni suka rasu, Shata a 1999 aka kai shi Daura, Ɗan Maraya a 2015 a Jos, Allah Ya jiƙansu. In ka gwada, ka dawo ka faɗa mana abin da makaniken ya ce.