Lakwal ta unguwa ko cibiyar kwana: amsa ga Maman Sadik

Maman Sadik, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Tsakanin cibiyar kwanan nan ta Kano da aka yi miki tallarta da lakwal ta unguwa, ga yaro ɗan shekara 6 mai galahanga, wato lalurar da likitoci ke kira autism, da bakinsa bai buɗe sosai ba, ni dai lakwal ta unguwa zan ce miki. Duka biyun na gwada su da ɗana Nasiru, shi ya sa na sa baki.

Sai dai akwai sharaɗi, shi ne malami. Ki bar duba fentin bango da girman allon ƙofa, ki nemi mutum ɗaya mai haƙuri da zai yarda ya koyi halin ɗanki. Namu yana wata ƙaramar lakwal mai zaman kanta a unguwar Zariya, ajinsu bai kai yara talatin ba. Mushen ajin, wato malaminsu, ya taɓa samun horon koyar da masu buƙata ta musamman tare da sauran yara, irin wanda ƙungiyar Handicap International, wadda ta koma Humanité & Inclusion a 2018, ta riƙa ba malamai a nan Maradi. Da Nasiru ya fara zuwa, duk lokacin da aka buga ƙarfen tashi sai ya toshe kunnuwa ya faɗi ƙasa yana ihu. Mushe bai ɗauki bulala ba, bai kuma aiko mini da shi gida ba. Ya mai da shi benci na kusa da ƙofa, kuma kafin a buga ƙarfe yakan zo ya nuna masa da hannu, ya bar shi ya fita gindin bedi ya tsaya. Daga baya ya lura yaron na cika aljihu da murafun kwalba yana jera su layi-layi, abin da ni nake ƙwacewa a gida. Shi da su ya koya masa ƙirga. Ranar da Nasiru ya jera murafu biyar a gabana ya ce "biyar" da bakinsa, wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Mushe ne kuma ya sa muka yanko hotuna muka liƙa a kwali: kofin ruwa, buta, kwanon abinci, tabarma. Muka yi kashi biyu, ɗaya a aji ɗaya a gida. Yanzu in fitsari ya matse shi, katin buta yake ɗaukowa ya miƙa, wandon da muke sa masa a jaka ya daina dawowa jiƙe. Wannan aikin ba ya yiwuwa sai malami da uwa suna ganin juna kullum, abin da aka yi da safe a aji a maimaita shi da marece a tsakar gida. Ga kuma sauran yara. Akwai wata ƴar ajinsu da ke kama hannunsa in za a yi layi, kuma daga kallonsu ya koyi cire takalmi da jiran a zo kansa.

Ki sa a lissafinki cewa malami ɗaya ba zai bar aji ya bi yaro ɗaya ba. Mu ɗiyar ƙanwar maigidana ce ke zama kusa da shi, muna ba ta ɗan abin sabulu a wata, kuma rabin yini kawai yake yi. Karatunsa bai kai na tsaransa ba, mun kuma yi magana da direkta tun farko cewa ba da makin jarrabawa za a auna shi ba.

Cibiyar kwana kuwa, ban da tsabtar ɗakuna da tarin kayan wasa ba ni da abin yabo. Kuɗi masu yawa muka zuba a wata irinta, yaro ya dawo a rame, ƴan kalmomin da ya tafi da su ma sun ragu. Ban ce duka haka suke ba, akwai masu ƙwararrun ma'aikata, amma amfaninsu na ga wanda ke zaune a garin, ya kai ɗansa da safe ya ɗauko shi da rana. Ki tuna a can da Turancin Ingilishi ake koyarwa, ɗanki kuwa Hausar ma yana fama da ita. Ki tuna kuma an rufe iyakarmu da Najeriya bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Da yaro na can a lokacin, ta ina uwa za ta bi? Ko Yamai za a kai yaro, tafiyar sama da kilomita 600 ce daga nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron da ba ya magana ba zai iya gaya miki an doke shi ko an hana shi abinci ba. Idonki ne kaɗai kariyarsa.

Kafin komai, in ba a auna jinsa ba ki kai shi asibiti a auna. A ƙasar nan da sanƙarau ke kurmantar da yara, da yawa ana ce musu masu galahanga alhali kunne ne, kuma in kunne ne muna da makarantar kurame a nan Maradi. In kuma yana ji sarai, kada a tura ki can don kawai ba ya magana, koyarwarsu daban ce. In yana faɗuwa ko yana ƙamewa ya ƙura ido, ki gaya wa likita, farfaɗiya na yawan haɗuwa da wannan lalura kuma ita tana da magani. Sai an daidaita ta karatu ke zama.

Ba ki tambaya ba, amma dole in gargaɗe ki kan ƴan kasuwar da ke cin guminmu. Da zarar an san kina da irin wannan yaro za su fara shigo miki ta WhatsApp: mai garin buɗe baki, mai hayaƙin korar iska, mai ƙwayoyin gyara ƙwaƙwalwa daga waje, har da mai wani ruwa da ake kira MMS, wanda sinadarin bilic ne, irin na wanke kaya, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2019. Galahanga yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, babu ƙwaya ko jiƙo da ke cire shi, abin da ke taimako shi ne horo da maimaici. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, ba aikin kishiya ba ne, ba kuma allurar rigakafi ba ce, binciken 1998 da ya ƙulla wa rigakafi wannan sharri an janye shi a 2010. Addu'a kam muna yi dare da rana, amma duk wanda ya ce ki biya kuɗin shekara gaba ɗaya yaro zai yi magana cikin wata uku, ko ya hana ki shiga aji ki gani, ki riƙe kuɗinki.

Ki zaɓi lakwal biyu ko uku da ƙafa za ta iya kai ki, ki je tun cikin Satumba kafin a koma karatu a Oktoba. Ki tambayi direkta yara nawa ne a ajin, ko ana duka, ko za a yarda wani ya zauna da shi, ko malamin zai yi masa Hausa. Wanda ya amsa da fara'a, ki roƙe shi ki kawo Sadik ya zagaya filin da ajin tun babu kowa, ya ga bencinsa da ban ɗaki. In kina so ki yi mini magana ta gefe, sai mu je ki ga ajin su Nasiru da idonki, in nuna miki yadda muka yi katunan.