Wata shida da na'urar sarrafa sauti: ita ba ta da laifi, wayoyin ne suka wahalar da ni

Sati uku cur na yi ina yabon na'urar nan a kan aikin da ba ta yi ba, kuma da wannan abin kunyar zan fara.

Irin na'urar ce da ke karɓar sauti daga talabijin, da na'urar faifan Blu-ray, da akwatin kallon fim ta intanet, ta warware shi, ta rarraba wa lasifikoki, amfilifaya kuma yana cikinta. Tana ɗaukar lasifika 7 da wufa 2. Ni na jera nawa a tsarin da ake rubutawa 5.1.2: lasifika biyar a daidai kunne, wato hagu, dama, tsakiya da biyu a gefen kujera, sai wufa ɗaya mai fitar da gurnani, sai biyu a sama. Ba zan kira sunan kamfanin ba, don rabin abin da zan yi ƙorafi a kai kowa zai iya cin karo da shi, ko wace iri ya saya.

Ranar da na kwance kwalinta ɗoki bai bar ni na buɗe littafin ba. Duk kayan kallona a bayan talabijin suke a jone, ina kuma da tsohuwar wayar oftikal, wadda bakinta ke fitar da ɗan jan haske kamar idon ɓera. Na zura ta daga talabijin zuwa na'urar, na kunna fim. Ruwan sama ya zubo ta bayana, kiɗa ya cika ɗakin, wufa ta girgiza gilashin taga. Na ce shi ke nan, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sai ƙanena ya zo. Shi mutum ne da ba ya iya zama kusa da na'ura bai taɓa ta ba. Ya saurara na ɗan lokaci yana karkata kai, sannan ya ce, “Yaya, ara mini rimot ɗin.” Ya danna wani ɗan maɓalli da ban taɓa kula da shi ba, wanda ke nuna irin sautin da ke shigowa. A fuskar na'urar aka rubuta PCM 2.0.

“Yaya, ai layi biyu kake ji tun da ka saya. Hagu da dama kawai.”

“To wanda ke fita ta baya fa?”

“Ita take ƙirƙira maka, don kar ranka ya ɓaci.”

Gani ya kori ji, a zahirinsa. Talabijin ɗin yana murƙushe layi shida na fim ya mai da su biyu kafin ya tura, ita kuwa na'urar tana da dabarar da take ɗaukar layi biyu ta yi hasashen abin da ya dace da tsakiya da abin da ya dace da baya, ta baza. Gaskiya ta iya hasashen, tun da ta ruɗe ni kwana ashirin da ɗaya. Amma da muka shiga saitin talabijin muka sauya fitar sauti daga PCM zuwa zaɓin da ke barin sauti ya wuce yadda ya zo, rubutun ya koma Dolby Digital 5.1, sai na gane abin da nake asara. Muryar ɗan wasa ta tsaya cak a tsakiyar allo, ta daina yawo. Ƙofar da aka buga a bayan jarumi ta buga a bayana ta hagu, ba a ko'ina ba.

A nan nake ganin laifin masu ƙera ta na farko. Abin da take nunawa da manyan haruffa shi ne abin da take fitarwa, abin da take karɓa kuwa sai ka tono shi. Da an sa su gefe da gefe, da mutane da yawa sun huta.

Na ɗauka an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Wayar oftikal tsohuwar fasaha ce. Toshiba ce ta fito da ita a 1983, lokacin da faifan CD ke sabo, kuma abin da ake buƙata a wancan zamanin layi biyu ne. Ta ma girmi Dolby Digital, wanda ya shiga gidajen silima a 1992. Abin da take iya ɗauka bai wuce layi biyu na PCM ba, wato sautin da ba a matse ba, ko matsattsen 5.1 na Dolby Digital, wanda iyakarsa kilobit 640 a daƙiƙa, ko DTS na kusan megabit 1.5. Wayar koakziyal mai baki zagayayye ma haka take, harshe ɗaya suke yi da ake kira S/PDIF, ɗaya ta haske ɗaya ta lantarki. Sautin faifan Blu-ray kuwa, Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, wanda ba a rage masa komai ba, yana iya haura megabit 18. Raƙumi ne ake son turawa ta kafar allura. Lasifikoki biyun da na sha wahalar ɗaurawa a sama kuwa ba su taɓa ganin Atmos na gaskiya ba, wato tsarin Dolby mai kawo sauti ta sama, don ba ya bin wannan waya.

Sai na cire ta na koma HDMI, ta kafar da aka rubuta wa ARC. Wannan tsari ya zo da HDMI 1.4 a 2009, kuma amfaninsa shi ne waya ɗaya ta kai hoto talabijin, ta kuma dawo da sauti baya. An samu ci gaba. Manhajojin kallon fim da ke cikin talabijin suka fara kawo Atmos, domin irin nasu a cikin Dolby Digital Plus ake cusa shi, wanda bai da nauyi sosai. Daren da jirgi mai saukar ungulu ya ratsa ta saman kaina har na ɗan duƙa, na yafe wa tsanin da na hau ina huda silin.

Faifai ne ya ƙi. Na saka wani mai TrueHD, na'urar ta nuna Dolby Digital na da. Na saka mai DTS, ta koma layi biyu. Dalili biyu ne. ARC bututunsa bai fi na oftikal faɗi da yawa ba. Mai faɗin shi ne eARC, wanda ya zo da HDMI 2.1 a 2017 yana ɗaukar wajen megabit 37, kuma dole ɓangarorin biyu su kasance da shi. Na'urata tana da shi, talabijin ɗina ba shi da shi, sai aka koma kan ƙarfin raggon cikinsu. Na biyu, talabijin da yawa ba sa wuce da DTS kwata-kwata, saboda lasisi ne ake biya, wasu kamfanoni kuma sun cire shi a wasu shekarun. Nawa yana cikinsu. Ko da eARC ne, in talabijin bai yarda da DTS ba, ba zai miƙa shi ba.

Maganin ya fi duk wannan sauƙi, kuma yana shafi na goma sha wani abu na littafin da ban karanta ba: a daina sa talabijin ya zama ɗan aike. Na ciro na'urar faifai da akwatin intanet daga bayansa, na jona su kai tsaye a na'urar sauti, waya ɗaya tak ta tafi talabijin da hoto. Tun HDMI 1.3 na 2006 wannan hanyar ke ɗaukar TrueHD da DTS-HD. Nan take rubutun ya canza, duk abin da na jefa mata ta warware: TrueHD mai Atmos, DTS:X, PCM mai layi takwas. A wannan fannin ban kama ta da komai ba.

To yaya sautin yake in an ciyar da ita abin kirki? Mai tsabta ne, ba ta da tsawa marar dalili. Abin da ya fi burge ni shiru ne, ba ƙara ba. A wani fim akwai wurin da mutum ke zaune shi kaɗai a ɗaki, agogon bango na bugawa a dama can nesa, iska na kaɗa labule a hagu, kana jin kowanne a mazauninsa. Bambancin matsattsen Atmos na intanet da cikakken na faifai kuwa, zan faɗi gaskiya ko da masu kunnen zinariya za su yi mini ca: ina jin sa a ƙarfin gurnani da wuraren da ƙara ta yi yawa, amma bai kai ko kusa da tazarar da ke tsakanin layi biyu da 5.1 na gaske ba. Wanda duk kallonsa ta intanet ne, ARC ya ishe shi, kar ya sauya talabijin saboda harafi ɗaya.

Tana zuwa da ɗan makirfo na auna ɗaki. Ka ɗora shi inda kanka ke kasancewa, ta yi ta harba wani sauti kamar kukan tsuntsu daga lasifika zuwa lasifika, ta lissafa nisan kowanne da ƙarfinsa. Nisan yana da muhimmanci, don sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, ke nan kowane santimita 34 jinkirin milisakan 1 ne, sai ta riƙe na kusa su jira na nesa. Ta auna daidai, na bi da tef na gwada. Wufa ce kawai ta ba wa nisan da ya fi na zahiri da fiye da mita, na so in gyara, ƙanena ya hana. Ashe jinkirin da wufar ke yi a cikinta ne na'urar ta haɗa a lissafin. Inda ta yi kuskure shi ne ta ɗauki lasifikokina na gaba a matsayin manya, ta tura musu duk gurnanin, alhali 'yan madaidaita ne. Na mai da su ƙanana, na sa iyakar gurnanin da za su ɗauka a 80 Hz yadda THX, kamfanin da ke tsara ma'aunin sautin silima, ke ba da shawara, wufa ta karɓi nauyin. Na kuma ƙara wa na tsakiya desibel 2, saboda a can magana take, ni kuma na gaji da tambayar “me ya ce?”

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yau. Da hoto ya fara bi ta cikin na'urar, allo ya riƙa ɗaukewa ya yi baƙi na daƙiƙa biyu a tsakiyar fim mai 4K da HDR, wato hoto mai tsananin kaifi da faɗin haske da launi. Kwana biyu ina zarginta, ashe tsohuwar wayar HDMI ce ta gaza. Irin wannan hoton yana neman har gigabit 18, wanda shi ne ma'aunin HDMI 2.0, wayar kuwa tun zamanin 1080 take. Na sa wata mai shaidar gwaji, matsalar ta tafi. Ba tsada ake nema a waya ba, shaidar ake nema. Sannan sai da na shiga saiti na buɗe wa kowace kafa cikakken ƙarfinta da hannu, don a rage take zuwa. Me ya sa ba za ta gane da kanta ba? Haka kuma in na sauya daga faifai zuwa akwati, sai na jira daƙiƙa huɗu zuwa biyar allo na baƙi, na'urorin suna gaisawa, kowa na faɗin abin da ya iya, ana kuma duba makullin hana satar fim na HDCP. Sarka ce: in ɗaya a tsakiya bai da HDCP 2.2, an yi sallama da 4K.

Sai CEC, tsarin da ke sa rimot ɗaya ya juya komai. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa, Samsung na cewa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony na cewa Bravia Sync, kuma kowa da yadda ya fahimce shi. Ranar da ya ga dama, ka danna maɓalli ɗaya komai ya tashi. Ranar da bai ga dama ba, talabijin ya kunnu, na'urar ta yi kamar ba da ita ake ba, sauti ya fito ta 'yan lasifikokin talabijin kamar rediyon aljihu. Wata rana ina tsakiyar faifai akwatin intanet ya farka don kansa ya ƙwace allon. Na kashe CEC don in huta, sai ARC ya bi shi, saboda a kansa ya dogara. Na maido shi, na kashe shi a akwatin kaɗai. Duk da haka kusan sau ɗaya a wata sai na zare duka daga wuta na minti ɗaya kafin su shirya.

Baki da murya ma sukan saɓa, musamman ta ARC. Tana da wurin jinkirta sauti da milisakan, kuma tana tuna na kowace kafa daban, wanda ya yi kyau. Sai dai jinkirtawa kawai take iyawa. In sautin ne ya makara, babu abin da za ta yi maka sai ka koma ka rage aikace-aikacen da talabijin ke yi wa sautin.

Masu na'urar wasan gem su leƙa bayan na'urar sautin da kyau kafin su biya. Kafa shida gare ta, amma ba duka ke ɗaukar 4K mai hoto 120 a daƙiƙa ba, kuma rubutun da ke bambanta su ƙanana ne ƙwarai. Kwalin ya rubuta HDMI 2.1 da manyan baƙaƙe kamar duk kafofin haka suke. Tana kuma yin zafi. Na fara sa ta a cikin kabad mai murfi, bayan awa biyu saman ba ya taɓuwa, dole na fito da ita sarari. Jerin saitinta kuwa kamar na kwamfutar shekara ashirin baya, abu ɗaya sai ka bi ɗaki uku kafin ka same shi.

Da za a mai da ni baya, zan sake sayenta, amma da takarda a hannu: me nake da shi, wace kafa yake fitarwa, wane irin sauti talabijin ɗina ke yarda ya wuce. Wat nawa take bayarwa, wanda shi na fi tambaya a lokacin, bai taɓa zame mini matsala ba ko sau ɗaya.

Wayar oftikal ɗin ban jefar ba. Tsohuwar na'urar CD na jona da ita, aikin da aka yi ta dominsa, kuma a nan ba ta taɓa yi mini gardama ba. Maɓallin nan na ƙanena kuwa har fentinsa ya fara gogewa, don duk fim ɗin da zan kunna sai na danna shi tukuna. Jiya ma na kama akwatin intanet ya koma PCM 2.0 bayan ya sabunta manhajarsa cikin dare.