Pokémon Violet: Urshifu ya cinye mana daɗin gasa

Ga 'yan'uwa masu Switch a Aboabo da Asawase da ke tambaya ko kaset ɗin Violet ya cancanci kuɗinsa: wajen haɗa tawaga dai, na yaba. Tun fitowarsa a Nuwamban 2022 aka sauƙaƙa aikin. Dabba (wato Pokémon ɗinka) ta kai mataki na 50, ka kai ta garin Montenevera na cikin wasan da abin biyan da ake kira Bottle Cap a cika mata ƙarfi. Sauya nau'in Tera, wato nau'in da dabba ke rikiɗa zuwa gare shi a tsakiyar faɗa, kuma gutsuren Tera 50 ne a gidan abincin garin Medali. Abin da a da ke cin mako, yanzu yamma ɗaya ya isa.

Sai ka shiga fafatawar biyu-biyu ta intanet ka haɗu da Urshifu na ruwa, wani Pokémon ɗan dambe, ranka ya ɓaci. Duk wanda ya san wannan fagen ya san Protect ne ginshiƙinsa: ka kare ɗaya, ɗayan ya kai hari. Urshifu kuwa da baiwarsa ta Unseen Fist ratsa kariyar yake kamar babu ita. Surging Strikes naushi uku ne, kowanne mai ƙarfi 25, kuma kowanne bugun sa'a (critical hit) ne dole. Illar nan biyu ce. Bugun sa'a ba ruwansa da rage ƙarfin da Intimidate ke yi, don haka Incineroar, mai wannan baiwar, bai tsinana maka komai. Naushin farko kuma ya fasa Focus Sash, ɗamarar da ke hana bugu ɗaya kashe ka, na biyu ya gama da kai. Idan aka haɗa masa da ruwan saman Pelipper da Tera na ruwa, sai dai haƙuri. Da aka ba shi izinin shiga a Yulin 2023, fagen ya ƙuntata. Tawagar da ta ci kofin duniya a Yokohama a shekarar ma da shi ta ci.

Magani akwai. Amoonguss mai sanye da hular Rocky Helmet ya ja harin kansa da Rage Powder: kowane naushi na cire wa Urshifu kashi ɗaya cikin shida, uku sun tafi da rabin ransa. Gastrodon kuma shanye ruwan yake gaba ɗaya. Amma ka ga an tilasta maka ba da gurbi ɗaya cikin shida saboda dabba guda.

Abin da ya fi ci min rai, ba a kama shi a ainihin kaset ɗin Violet. Sai ka sayi ƙarin wasan mai Indigo Disk, wanda ya fito a Disamban 2023, ka kama Kubfu ya rikiɗa ya zama Urshifu, ko kuma kana da Sword ko Shield, da ƙarin Isle of Armor, ka ɗauko shi ta manhajar Pokémon HOME. Lissafa wannan da sidi, ka ɗora kuɗin Nintendo Switch Online da na data. Ga dumso: wuta ta ɗauke, intanet ya yanke, an rubuta maka faɗuwa.

Na so in ce a saya duk da haka, sai na tuna siffofin. Masu Scarlet, tagwayen Violet, sun sami Great Tusk da Flutter Mane, masu gashi da haure, kowanne da halinsa. Mu kuwa ƙarfe aka shafa wa tsofaffin dabbobi. Iron Jugulis Hydreigon ne kawai da fitilu, Iron Thorns ma haka aka yi wa Tyranitar. Iron Valiant kaɗai na yafe wa, don haɗa Gardevoir da Gallade an yi shi da tunani. Wanda bai saya ba tukuna, ya tambayi Scarlet a Adum.