Rigar sunan Ummi ta yi kyau, amma ina ragowar zanen Inna?

Tun da hoton rigar sunan Ummi ya zaga a waya mata ke damuna da tambaya, wa ta ɗinka, nawa ta karɓa. Bari in amsa gaba ɗaya in huta. Sunanta ba zan faɗa ba, mutanenmu na wajen Taura sun san ta, mai keken ɗinki na ƙafa ce a ƙauyen da ke gaba da namu. Kuɗi kuwa kun san yadda ɗinki ke komawa cikin azumi, nata bai fi na saura ba.

Haihuwar ta zo min a azumin 2025, suna ya faɗo ana gab da ƙaramar Sallah, lokacin da tela ko gaisuwa da kyar yake amsawa. Yarinya ta ci sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, shi ya sa muke ce mata Ummi. Cikin abin da na gada a wurin Inna akwai zanen saƙi guda na kayan aurenta, tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991. Baƙi ne mai ɗigon fari-fari kamar jikin zabuwa, rinin baba, takan ce daga Kura aka kawo mata shi, garin marina. Burina a cire 'yar riga daga jikinsa, takwararta ta saka ranar suna, in ninke in ajiye mata har ta girma.

Na aika ƙanwata da zanen, na ce a yanki gefe ɗaya. Da la'asar sai ga matar da ƙafarta, da bakin azumi, zanen a leda. Ta yi min barka, ta zauna bakin tabarma ta shimfiɗa shi a cinya. Ta ce, "Maman Ummi, wannan ba a sa masa almakashi haka kawai." Ta ɗaga shi wajen haske ta nuna min: saƙar hannu ce, layi-layi sirara, kowanne faɗinsa bai kai tafin hannu ba, an jera su an haɗa da allura. In aka yanka ta tsakiya zare zai yi ta zarewa, zane ya tashi daga aiki. Ita za ta farke ɗinkin haɗin ne, ta cire layi uku daga gefe, ta gyara bakin, zanen Inna ya dawo min yana zane.

Ba ta tsaya nan ba. Ta tsoma farin ƙyalle a kofin ruwa ta goga a jikin saƙin, ƙyallen ya fito shuɗi. "Kin gani? Har yanzu baba na zuba. Jaririyar kwana bakwai, ga zafin bazara, ga cibiya ba ta gama warkewa ba, ai ba a ɗora mata wannan a fata." Don haka za ta yi mata shafi da farin yadin auduga mai laushi, ta ɓoye bakin ɗinkin tsakanin saƙin da shafin, kada wani abu ya kankare ta. Ba zif, ba maɓalli, igiya biyu kawai a baya. Wallahi ranar na ji matar ta shiga raina. Teloli nawa ne za su tako gidanka ana saura kwanaki Sallah don su hana ka ɓarna?

Kuma yadda ta faɗa haka ta yi. Wuyan da hannu ta ɗinke shi, sai ka ƙura ido kake ganin zaren. Ta haɗo da 'yar hula. Gwaggona na ganin rigar ta gane zanen, ta juya fuska tana share hawaye da bakin mayafi. In a nan zance ya ƙare, da cewa zan yi kowa ta kai mata ɗinki ido rufe.

To, alkawari jajiberin suna ne. An raɗa suna da safe, wanzami ya yi aski, mata sun cika gida, riga shiru, sai bayan la'asar wani yaro ya kawo ta a keke. Wannan na yafe, kayan Sallah sun yi mata yawa.

Abin da ya tsaya min a rai ta wajen kwalliyar ɗaki ya ɓullo. Na ba ta aikin labulen ƙofa da rigunan matashi, irin na haɗe-haɗen ƙyallaye da take yi, don ɗaki ya yi fes, ga suna ga Sallah. Sun yi kyau kuwa, sun dace da faya-fayan da na jera a bango. Bayan an sha ruwa ana cin tuwo, sai facalata ta kama labulen ta ce, "Yaya, wannan ai atamfata ce ta anko, wadda aka ce min ba ta yi ragowa ba!" Aka kwashe da dariya, wata ma ta gano leshinta a jikin matashi. Ni dai dariyar ba ta zauna min ba. Da dare na ɗauko rigar na gwada ta da tsawon zanen. Layi uku aka cire, kowanne tsawon zane guda. Rigar jaririya da hula ba za su cinye wannan ba, ko makaho ya shafa ya sani.

Na aika a tambaya. Amsar da ta dawo: "Ɗan guntu ne ya rage, me zai yi mata?" Ranar Sallah ina gida ina jego, ƙanwata ta dawo daga idi tana huci, wai ta ga 'yar matar rataye da 'yar jakar saƙi, har da igiyar farin yadi irin ta bayan rigar Ummi.

Na san al'adar teloli ce riƙe ƙyalle, ba yau aka fara ba. In atamfa ce, sai in bayar da sautu ran kasuwar Gujungu, ko mai zuwa Kantin Kwari ya samo min irinta. Amma wannan a wace rumfa zan same shi? Masaƙan ma nawa suka rage? Abin da ya fi ƙona min rai, ita ce ta zauna a tabarmata ta koya min darajar zanen da bakinta. Ta san ba guntun banza ba ne. Da roƙa ta yi, ƙila ma in ba ta.

Mai gida ya ce in bar maganar, kada a ɓata zumunci kan ƙyalle. Ban bari ba. Matar ta ce za ta karɓo jakar ta aiko, har yau gobe take cewa.

Da haushi na kwashe kayan Babbar Sallah na kai wa wani tela a Ringim, mai injin surfani da janareta. Ya caje ni har da kuɗin fetur, ya yi wa Ummi wuyan da kai ba ya shiga, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Yanzu ga wani ɗinkin ya taso, kuma a duk yankin nan ban ga mai hannun matar nan ba. Wurinta zan koma, amma ƙanwata za ta zauna a gefen keken har a gama, ta tattaro min ƙyallena a leda.