Shagon maganin kajin da ya ceto mun sauran 'yan tsakina a Kumasi

Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kaji a bayan gida, musamman mu na nan Aboabo da Asawase da Sabon Zongo. Na daɗe ina so in rubuta wannan tun cikin damina amma sana'a ba ta bari, koko da ƙosai nake yi da asuba, kafin in gama wanke-wanke rana ta yi. Magana ce a kan wani shagon maganin dabbobi da ke wajen Asafo, irin shagunan nan da ake saida abincin kaji da magani da rigakafi duk wuri ɗaya. Ba zan kama suna ba saboda akwai inda zan yaba kuma akwai inda raina ya ɓaci.

'Yan tsaki 50 na saya 'yan kwana ɗaya, kokarel, na yi musu keji a lungun bayan ɗakina. Sati uku lafiya lau, suna ci suna tsalle. Ana shiga sati na huɗu ruwan watan Yuni ya kankama, kun san yadda yake yi mana a Kumasi, kwana biyu sama ba ta ɗauke ba. Wata safiya na leƙa na ga sun taru a kusurwa sun takure, fikafikai a sake, gashi duk ya tashi, ido a lumshe kaman masu gyangyaɗi, ga uku a kwance sun mutu. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Wata Mma da muke gida ɗaya ta ce ƴata ki fasa musu kafso ja da yalo a ruwa ki daka barkono ki zuba, haka muke yi tun zamanin iyayenmu. Don Allah ta faɗa, ban ga laifinta ba, na kuma yi kwana biyu ina ba su. A kwana biyun nan biyar suka ƙara tafiya, kuma a lokacin ne na lura kashinsu akwai jini a ciki, ja sosai.

Ƙanina ne ya ce Yaya ki daina wannan cankin, ki ɗauki ɗaya marar lafiya da ɗaya wanda ya mutu ki je Asafo. Na sa mai ran a kwali, mushen a leda, na ɗauki hoton kashin a waya, na hau pragya, babur ɗin haya mai ƙafa uku.

Abin da ya fara burge ni shi ne matar da ke shagon ba ta miƙa hannu kan shelf ba sai da ta zaunar da ni. Asante ce, Hausarta kaɗan ce, muka haɗa da Tuwi muka fahimci juna. Ta ce a kwalejin kiwon lafiyar dabbobi ta Pong-Tamale ta yi karatu. Tambayoyi ta jero mun, kwanansu nawa, wane rigakafi aka yi musu kuma yaushe, me na shimfiɗa musu a ƙasa, yaushe rabon da in canza, ruwan sha yana zuba a ƙasa ko a'a, akwai manyan kajin gida da ke yawo kusa da su, suna tari ko numfashi da baki a buɗe, akwai wanda wuyansa ya karkace. Da na ce dusar katakon da na saya daga Sokoban tun ranar farko ita ce har yanzu kuma ruwan sama ya ɗan jiƙa ta, sai ta girgiza kai ta ce Hajiya mu je baya.

A bayan shagon ta sa safar hannu ta buɗe mushen a gabana. Ta nuna mun wasu 'yan hanji guda biyu masu kama da jaka can wajen ƙarshen hanji, sun kumbura, da ta tsaga su jini ne daskararre cike a ciki. Ta ce wannan koksidiyosis ne, abin da muke ce ma kashin jini. Ƙwayar cutar tana cikin kashin kajin da kansu, in ƙasa ta jiƙe ga ɗumi sai ta nuna ta yi ƙarfi, su tsattsaga su sake haɗiye ta, ta shiga ta cinye bangon hanji, shi ya sa ta fi kama 'yan sati uku zuwa shida. Ba ta tsaya nan ba, ta juya shi ta nuna mun wata 'yar jaka a saman duburarsa, ta ce da gumboro ce da wannan za ki ga ta kumbura, kuma sau da yawa a ga ɗigon jini a naman cinya, kashin kuma fari ne mai ruwa-ruwa, suna ta tsattsagar duburarsu. Ta buɗe cikin da ke gaban ƙundu ta ce da Niyukasil ce a nan ake yawan ganin ɗige-ɗigen jini, ga koren kashi, ga numfashi da ƙyar, wasu wuya ya murɗe suna kallon sama. Waɗannan biyun bairos ne, ba su da magani, ko ka zuba musu duk kafson da ke Kejetia ba zai kashe cutar ba, rigakafi ne kawai. Ni fa duk shekarun nan ciwon kaji ɗaya na sani, in sun takure a ce iska ce ta shigo unguwa, ashe a waje ne kawai suke kama da juna.

Amprolium ta ba ni, na gari a ɗan ƙunshi, ta rubuta mun awon a jikin takarda daidai da girman mazubin ruwana. Ta ce kwana biyar cur, kullum a dama sabo, kuma kar in aje musu wani ruwa daban. Na ce ta haɗa mun da bitamin tunda sun rame, nan ne ta ba ni mamaki, ta ce a'a ba yanzu ba, wannan maganin yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar cutar samun bitamin B1, in kika zuba bitamin tare kin mayar mata da abincinta, ki bari sai kin gama ki dawo. Mai shago ce fa, ga kuɗi a hannuna na riga na fito da su, ta ce in mayar. Sannan ta ce maganin rabin aiki ne, yau ɗin nan ki kwashe dusar nan duka ki kai nesa, ki zuba busasshiya, ki ɗora mazubin ruwa kan bulo, ki toshe inda rufi ke yoyo, waɗanda suka fi galabaita ki ware su kina ɗiga musu ruwan maganin a gefen baki a hankali don kar su shaƙe.

Na yi yadda ta ce. Daren farko biyu suka ƙara mutuwa, ta riga ta gaya mun waɗanda jini ya ƙare musu da wuya su tashi, amma duk da haka na yi kuka. Kwana na uku jinin ya ragu, na huɗu na ji suna rububin abinci da asuba tun kafin in ɗora tukunya. 40 suka rage mun Alhamdulillah.

To ga inda ban ji daɗi ba. Da na koma sayen bitamin ɗin da la'asar ba ta nan, wani yaro ne a kan kanta. A gabana wani dattijo ya zo ya ce kajinsa na mutuwa, yaron bai tambaye shi komai ba, ko kwanansu nawa, ya ɗauko ƙunshi uku kala-kala ya lissafa masa kuɗi. Raina ya sosu ƙwarai, na ce Baba don Allah ka yi haƙuri ka dawo gobe da safe ka zo da kazar a duba. Shago ɗaya ne amma da safe asibiti ne da yamma kuma kanti kawai, wannan ya kamata su gyara domin dukiyar talakawa ce ke salwanta. Kuma yaron bai gaya ma kowa cewa bayan an ba kaza irin waɗannan magungunan akwai kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a ci ƙwai ba, alhali yana rubuce a jikin ƙunshin, kuma da yawanmu ba ma karanta Turanci. Kayansu ma sun fi na cikin kasuwa ɗan tsada, wannan kam ban damu sosai ba tunda na ga firij ɗinsu da janareto, ko an yi dumso, wato an ɗauke wuta, rigakafin ba ya ɗumama, kuma ba su yarda su ba ka shi a hannu sai da ƙanƙara a filas.

Wani abu da ya ƙara sa na yarda da matar, bayan wata biyu ɗaya daga cikinsu ƙafafunsa suka shanye, ɗaya ta miƙe gaba ɗaya baya. Na kai mata, ta duba ta ce yana kama da cutar Marek, ba ta da magani, rigakafinta tun ranar ƙyanƙyasa ake yi, amma ita ba za ta iya tabbatarwa da ido ba, in ina son sani in kai ofishin likitocin dabbobi na gwamnati da ke Amakom. Ko kwabo ba ta karɓa ba ranar. Ta kuma ja mun kunne cewa duk ranar da na ga kaji suna zubewa da yawa lokaci ɗaya, kai a kumbure, tukku ya yi shuɗi-shuɗi, kar in ɗauko su in shiga mota da su, kar in yanka, in kira likitocin gwamnati, domin murar tsuntsaye ta taɓa shigowa Ghana a 2007 ta kuma dawo a 2021, kuma tana iya kama mutum.

Yanzu hunturu ke tafe, lokacin da Niyukasil ke share kajin zongo. Matar shagon ta ce akwai rigakafin Niyukasil mai suna I-2 da ake yi a nan ƙasar a Accra, ɗigo ɗaya a ido, ya fi jure zafi, an yi shi ne don irin kajinmu na gida. Akwai kuma Lasota da ake sawa a ruwan sha, sai dai ba a ruwan famfo mai kilorin ba don yana kashe shi, kuma in an dama a shanye cikin awa biyu. Matsalar Lasota kwalbar ta ɗaruruwan kaji ce, in an buɗe ba a ajiyewa, ni kuwa 39 gare ni. Shi ya sa na yi ma matan gidanmu da na maƙwabta magana mu haɗa kuɗi mu sayi kwalba ɗaya mu yi rana ɗaya, har Mma ɗin nan ta ce a sa kajinta takwas a lissafi. Ranar Asabar da safe zan je, lokacin da na san matar tana nan.