Yaya, maganar haɗa tukwane uku a bututun hayaƙi ɗaya

Salam Yaya, ya gida ya su Hajiya, ya kasuwa? Mu nan Manchester sanyi ya sa mu gaba, sai dai godiya. Na ji saƙonka kan aikin da mai injin shinkafar nan ya ba ka, wai a haɗa masa tukwane uku hayaƙinsu ya fita ta bututu ɗaya don a rage kuɗin ƙarfe. To abin da muke yi kenan kullum a nan, a otal da makarantu da gidajen tsofaffi, boila (wato tukunyar ɗumama ruwa) uku huɗu a jere a ɗaki ɗaya, hayaƙinsu duk yana zuba a babban bututu guda. Ana yi, amma wallahi ba da ido ake yi ba.

Matsalar ba ta tukunyar da ke ci ba ce, ta wadda aka kashe ce. In biyu na aiki ɗaya tana hutawa, hayaƙin da ya taru a babban bututun yana iya juyowa ya bi ta cikin wadda ke kashe ya cika ɗakin, kuma mugun iskan da ke cikinsa ba shi da wari ba shi da kala, shi ne dai wanda ke kashe mutane a gida in an kwana da janareta a soro ko gawayi a ɗaki lokacin hunturu. Shi ya sa a nan kowace boila akwai wani ɗan marfi a wuyanta, in ta tashi hayaƙinta ya tura shi ya buɗe, in ta mutu ya faɗo ya rufe da kansa. Ɗan abu ne kamar murfin kofi amma ogana ba ya barin a kunna sai ya sa yatsa ya taɓa kowanne ya ji yana motsi. Babban bututun kuma faɗinsa lissafi ne, kamfanin da ya ƙera boilar shi ke ba da awon, kuma ba a haɗa mai fanka da mara fanka a layi ɗaya, mai fankar zai danne ɗayan.

Kayan aikin mutanen nan kam sai dai a ce masha Allah. Ba walda ko ɗaya, bututun yana zuwa a yanke da zoben roba a baki, ka zura ka ɗaure. Boilolin yanzu hayaƙinsu ba zafi sosai, har ruwa yake tsatsafowa a ciki, ruwan kuma mai tsami ne yana cin baƙin ƙarfe, don haka ko ƙarfe mara tsatsa ko wata roba ta musamman ake sawa, a ɗan karkata shi kamar santimita 5 a kowace mita ruwan ya gangaro. Kai dai kar ka kwaikwayi robar nan, naku ɓuntu da itace ake hurawa, narkewa za ta yi.

Sai dai tsada Yaya, da jira. Aikin da za ka gama da yaranka cikin sati, nan sai an yi ta aika takardu, kuma abu in ya lalace ba gyara, cirewa ake a yar. A hannu kam ba su fi masu waldarmu na Kano ba, na rantse. Inda suka fi mu shi ne ba mai taɓa gas sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta gaji tsohuwar rajistar CORGI a 2009, kuma katinsa ma sai ya nuna an yarje masa aikin manyan boiloli, na gidaje daban ne. Ya sa na'ura a bututun ya auna hayaƙin, ya sa hannu, in wani abu ya faru shi za a nema. Su ma ba haka kawai suka waye ba, sai da hazon hayaƙin Landan na 1952 ya kashe dubban mutane sannan suka yi dokar tsaftar iska a 1956.

Ni in za ka ji tawa, ka ce wa Alhaji mai injin kowace tukunya a yi mata nata bututun, ya wuce kan kwano sosai, a bar ƙofar shan iska ta ƙasa a buɗe kar yara su toshe ta da buhu. In ya dage sai ɗaya, to turo min hoton wurin da faɗin bakin kowace tukunya in nuna wa ogana kafin ka yanka ƙarfe. A gaida Hajiya, maganin ƙafarta yana wajen wanda zai taho wata mai zuwa.